Shin Na'ura Tana Fahimtar Abin da Take Faɗa?

Tun da manhajar ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafiya na iya tambayarta a waya ya samu amsa tsaf. Sai dai iya tsara magana daban, fahimta daban. Hasashen kalma ta gaba take yi, daga ɗimbin rubutun da aka ɗura mata. Masu kafa hujja da gwajin Alan Turing na 1950 za su ce in ba a bambance hirarta da ta mutum ba, ai ta yi tunani. To, a jarraba ta da harshen Eggon ko na Alago, waɗanda rubutunsu bai yawaita a intanet ba, sai ta shiga kame-kame, alhali yaron Lafiya a bakin iyaye yake koyonsu tun bai san baƙi ba.