Dokar Tsaron Ƙasa Da Maharin Da Ba Ya Riƙe Bindiga

Fasinjan da zai shiga jirgin ƙasa daga tashar Kubwa zuwa Kaduna ta intanet yake sayen tikiti tun shekarar 2021. A ran 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa nakiya a kan wannan hanya, suka kashe fasinjoji, suka sace wasu. Irin wannan hari soja ya san shi, doka ma ta san shi. To, amma idan wani yana zaune a wata ƙasa ya kutsa cikin kwamfutocin tikiti, ko na bankuna, ko na wutar lantarki, wane ne zai mayar da martani?

Sashe na 217 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa sojoji tsare iyakokin Nijeriya ta ƙasa, da ruwa, da sama, bai ambaci intanet ba. Dokar Sojoji kuwa tushenta Dokar Soja ce mai lamba 105 ta 1993, watau zamanin da wayar salula ba ta shiga hannun jama'a ba. Alhali kuwa tun 2007 duniya ta ga yadda aka gurgunta bankuna da ma'aikatun ƙasar Istoniya ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba.

Nijeriya ba ta zauna haka nan ba. A 2015 aka kafa Dokar Laifuffukan Intanet, aka danƙa jagorancin aikin ga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. A 2018 Rundunar Sojan Ƙasa ta buɗe sashen yaƙin intanet. Gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya wajabta kai rahoton kutse cikin awa 72.

Sai dai wannan doka ta kama mai laifi ce, ba ta faɗi lokacin da kutse ke zama yaƙi ba. Ban da haka, da Sashe na 24 nata aka riƙa tsare 'yan jarida, har Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, kafin a taƙaita shi a 2024.

Saboda haka aiki na gaban Majalisar Tarayya: ta fayyace iyakar aikin soja da na ɗan sanda a wannan fage, ta kuma tabbatar takobin da aka ƙera don abokin gaba bai koma kan ɗan ƙasa ba.