Daga Kwatar Tudun Jukun Zuwa Teku

Yau shirin namu a bakin Kubanni zai tsaya, kogin nan da muke hayewa ta kan gada tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, da yawanmu ba ma ko leƙa shi.

Bari mu bi ruwan sama guda da ya sauka a kan kwanon wani gida a Tudun Jukun cikin watan Agusta. Daga indararo sai kwata, daga kwata sai lambatu, sai ya gangara Kubanni. Kubanni ta miƙa shi ga Galma, Galma ta zuba a Kogin Kaduna. Ya ratsa garin Kaduna, ya isa Shiroro, inda madatsar da aka buɗe a 1990 ke juya shi ya ba da wutar lantarki. Daga nan ya faɗa Kwara, ya gamu da Binuwai a Lakwaja, har teku. Ruwan kwanon gidanku ne fa, har teku.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan. In ka kama hanyar Kano, kafin ka isa birnin ka riga ka tsallaka wata iyaka da babu allo a kanta. Ruwan da ya sauka a can ba ya zuwa teku. Kogin Kano da Chalawa ne ke kwasarsa zuwa Haɗeja, ya bi Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Hadari ɗaya kan zubar da ruwa a gonaki biyu makusanta, na wannan ya yi kudu, na wancan ya yi gabas, ba za su ƙara haɗuwa ba. Ikon Allah ke nan. Duk ƙasar da ruwanta ke tattaruwa a kogi ɗaya, makomarta ɗaya ce, kuma mu na Kubanni ne.

A taƙaice, kogin ya taso ne daga wajen Shika, ya bi ta Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta datse shi a 1975 don ruwan sha. Masu binciken jami'ar sun sha auna dam ɗin, sun tarar laka da yashi daga gonakin da ke sama suna cike shi a hankali.

To, mu dawo gida. Da rani, in sama ta ɗauke, me ke gudana a Kubanni ta wajenmu? Kaso mai yawa ruwan da muka zubar ne. Na wanki, na wanka, na mahauta, baƙin man da makanike ya tuttular bayan gareji, da na masai ɗin da wani ya saki cikin lambatu da daddare. A ƙasa kuwa 'yan lambu na nan da injin ban ruwa, suna shayar da latas da kabeji da karas da alayyafo. Washegari kayan na kasuwa. Latas kuwa ba a dafa shi. Ban ga laifin ɗan lambu ba, ruwan da ya samu da shi yake neman abincin iyalinsa. Mu ne muke aika masa.

Sai wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Hadari na haɗuwa, sai a ce wa yaro maza ya juye shara a kwata, ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Ledar fiyawata ba ta ruɓewa. Ƙarƙashin kwalbati take maƙalewa, ruwa ya rasa hanya, ya shiga gidan maƙwabci, ya jiƙa katangar ƙasa, ya malala cikin rijiya. Daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure, bari in gaggauta. Masu unguwanni da matasa, a yi gayyar yashe kwata kafin ruwan farko na watan Mayu, kuma abin da aka yaso a kwashe shi, kada a jibge a baki ya koma. Makanikai a tara baƙin mai a jarka, akwai masu saye. Masai ya yi nesa da rijiya. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa, a bar ciyawa da itatuwan gaɓa su riƙe ƙasa. Wanda ya ga ana zubar da guba a kogi ya sanar da mai unguwa ko hukumar kare muhalli ta KEPA. Iyaye mata, a wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta.

Batun masu ɗibar yashi sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.