Alkama da fari: ƙarfin iri da iyakarsa

Manoma biyu kan shuka alkama a fadama guda, su zuba taki ɗaya, su yi ban-ruwa tare, amma ranar girbi ɗaya ya fi ɗan'uwansa buhuna. Sau da yawa bambancin daga iri yake. A cikin kowace tsaba akwai ƙwayoyin gado, su ne ke tsara tsawon kara, girman zangarniya, nisan da saiwa za ta nutsa, da kwanakin da shuka za ta ɗauka kafin ta nuna.

Gadon alkamar burodi na da sarƙaƙiya, domin ta samo asali ne daga haɗuwar ciyayi uku. Yawan bayanan gadonta ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar. Sai a 2018 masana suka fitar da cikakkiyar taswirarsa, inda suka lissafa ƙwayoyin gado sama da 100,000.

Tun kafin wannan, an ga aikin da ƙwayar gado ɗaya ko biyu za su iya yi. Alkamar zamanin da doguwa ce. Da an ba ta taki sosai sai kai ya rinjayi kara, ta kwanta a ƙasa. Norman Borlaug da abokan aikinsa a Meziko suka haɗa irinsu da jinin wata gajeruwar alkama ta Japan mai suna Norin 10. Aka samu iri mai gajeren kara da ke ɗaukar taki ba ya faɗuwa, ƙarfinsa kuma ya koma ga tsaba. Wannan iri ya bunƙasa amfanin gona a Indiya da Pakistan a shekarun 1960, shi ya sa aka ba Borlaug kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970.

Jure fari kuwa ba aikin ƙwaya ɗaya ba ne. Akwai masu sa saiwa ta bi damshi can ƙasa, akwai masu rufe ƙofofin ganye idan rana ta take don rage asarar ruwa, akwai masu sa ganye ya yi wani farin maiƙo, akwai masu gaggauta nuna don shuka ta tsere wa zafi. Kowace kuma da kuɗinta. Ganyen da ya rufe ƙofa ya tsimi ruwa, amma ya rage haɗa abinci. Ita ma gajartar da ta kawo yalwa takan gajarta tsiron farko, ta yadda idan aka binne iri da zurfi a busasshiyar ƙasa sai ya kasa hudowa. A Ajantina an bi wata hanya: an ɗauko ƙwayar gado daga furen sanfilawa aka sa wa alkama, aka kira ta HB4, gwamnati ta amince da ita a 2020. Ko ita tana rage asara ne, ba ta rayuwa babu ruwa.

A ƙasar Hausa alkama noman rani ce, kuma babban abokin gabanta zafi ne. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin binciken alkama a Najeriya, ta fitar da ire-ire masu jure zafi. Duk da haka, wanda ya wuce tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba bai shuka ba, zafin Maris zai riski zangarniyarsa tana cikin ɗura tsaba, ƙwaya ta motse.

Saboda haka manomi ya tambayi sunan iri da kwanakin nunarsa kafin ya biya kuɗi, ya saya daga hannun da malaman gona suka sani. Alkama kan yi wa kanta barbara, don haka irin da aka ajiye ba ya saurin canza hali. Abin da ke ɓata shi shi ne gauraya a wajen sussuka da zubawa a buhu. A ware na iri tun daga gona, a shuka da farkon hunturu, kada kuma a bar yabanya da ƙishi lokacin fure da ɗurin tsaba.