IDAN BIRKIN AKORI-KURA YA RIƘE

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa da yawa da ke jigilar goro daga Shagamu ko tumatir zuwa Mile 12 suna riƙe da tsohuwar akori-kura Peugeot, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. To, ɗaya daga cikin abubuwan da ke damun masu ita a Kudu shi ne birkin ganga mai riƙewa, watau direba ya ɗaga ƙafa amma takalman birki su ci gaba da gugar ganga. Mota ta yi nauyi, ta sha mai, ganga ta yi zafi har man birki ya tafasa, birki ya ƙi ci a gangara.

Kada a yi hanzarin sayen kaya. A sa waigi, a ɗaga kowace ƙafa da jak, a juya ta da hannu. In ƙafafun baya biyu ne suka riƙe, a duba wayar birkin hannu, domin ruwan saman Kudu yakan sa ta yi tsatsa ta ƙi komawa. In duka huɗu ne, laifin yakan fito daga masta: ko abin takawa ba shi da ɗan wasa, ko ƙaramin ramin da mai ke komawa ya toshe, ko an zuba baƙin mai robobi suka kumbura.

In kuwa ƙafa ɗaya ce, a kwance ɗan kusan da ake fitar da iska. Idan mai ya yi tsartuwa ƙafar ta saki, tiyon roba ne ya lalace ta ciki, sai a canza shi. Idan ba ta saki ba, a cire ganga. Ko an ɗaure takalman fiye da kima, ko sifirin ya mutu, ko fistin ya ci tsatsa.

Lalle a kiyaye abu uku. Kada giris ya taɓa fuskar takalmi. Kada a busa ƙurar ganga da baki, tsofaffin takalma suna da asbestos mai cutar huhu. A riƙa canza man birki duk shekara 2, domin yana shan danshi.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kai mu gida lafiya.