Yadda Faramisiyam Ke Cin Abinci

Duk ɗalibin da ya zauna ajin ilimin halittu ya san faramisiyam, 'yar halittar nan ta ruwan kududdufi mai kama da tafin silifa. Mun iya zana ta a allo, amma ba kasafai muke tambayar yadda take cin abinci ba. Ga ta ƙwaya ɗaya tak, tsawonta bai wuce sulusin milimita ba, ba haƙori, balle hanji.

Jikinta lulluɓe yake da dubban 'yan gashi da ake kira siliya. A gefe guda akwai wani kwari da ya gangara a karkace zuwa tsakiyar jiki. Gashin kwarin yana kaɗa ruwa, ruwan kuwa ya kwaso bakteriya ya zuba cikin wani rami mai siffar mazurari. To, a nan aikin yake. Gashin cikin ramin a jere yake sahu-sahu: ɗauri uku, kowanne da layi huɗu, sai kuma wani layi guda a bakin ramin. Su ke tura abincin ƙasa zuwa ainihin bakin. A can sai fatar ƙwayar ta kumbura ta ciki kamar 'yar jaka, in ta cika ta tsinke ta shiga zagaya jiki, wata sabuwa ta soma.

Ana iya ganin wannan a ɗakin gwaje-gwaje. In aka rina yisti da jan rinin nan mai suna Congo red aka ba ta, za mu ga jakar ta koma shuɗiya, don ruwan cikinta ya yi tsami ya kashe abin da aka haɗiya. Tusar da ta rage kuma tana da ƙofarta ta fita a bayan bakin.

Sai dai madubin likita irin namu na makaranta, ƙyalli kawai yake nunawa in gashin na kaɗawa. Sai a shekarun 1950, da madubi mai aiki da elektron, aka gano cewa cikin kowane gashi akwai siraran bututu tagwaye tara kewaye da guda biyu a tsakiya. Irin wannan gashin ne, da tsarinsa duka, ke cikin maƙogwaronmu yana turo majina da ƙurar hunturu sama.