Wace Manhaja Za Mu Ɗauka Don Shafin Cinikinmu A Intanet?

Da yawa daga cikinmu na tambaya kan shafin intanet, wato wurin da mahauci a Legas ko Kwatano zai ga hoton bijimi da lambar waya tun dabba tana kara a Maraɗi ko Ƙonni. Abin da ake gina shafin da shi, a kuma riƙa gyara shi, shi ake kira manhaja. To, wacce ce mai sauƙin kuɗi?

Da fari mu san cewa kuɗin ba ɗaya ba ne. Akwai na manhajar kanta, akwai na wurin da za a ajiye shafin, sannan akwai na sunan shafin, wanda ake sabuntawa duk shekara kamar hayar rumfa. In wa'adi ya wuce ba a biya ba, wani na iya saye sunan. Saboda haka in aka ce maka abu kyauta ne, ka tambaya: wanne daga cikin ukun?

A da, sai an sayi manhaja an sa a kwamfuta. FrontPage ta kamfanin Microsoft ta yi tashe, amma an daina yin ta tun 2006. Dreamweaver kuwa tun 2013 ba a sayar da sababbin fitowarta gaba ɗaya, sai dai a yi ta biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma sai wanda ya koyi aikin. Ba tamu ba ce.

Ga waɗanda suka fi kusa da aljihunmu. WordPress, wadda ta fito a 2003, kyauta ce, ana iya gyara ta da wayar salula, kuma in ka tashi ƙaura kana kwashe rubutunka ka kai wani wuri. Google Sites ma kyauta ce kuma ba wuya, sai dai gyaranta na son kwamfuta. Wix tana da tsari na kyauta, amma za su liƙa tallarsu a shafinka, kuma ba ka iya ɗauke shafin ka kai wani gida. Wanda bukatarsa hoto da farashi ne kawai, WhatsApp Business da ta fito a 2018 tana da wurin jera kaya har 500, ba ko sisi sai kuɗin data.

Abin da za mu fi dubawa shi ne wannan: shin kai da kanka, ko yaronka na kara, za ku iya canza hoto da farashi ba tare da neman kowa ba? Kayanmu ba atamfa ba ne. Ragon da aka ɗauka hoto ran Lahadi, kafin Laraba ya shiga mota. In sai ka biya wani duk sanda za a cire hoto, arahar ta koma tsada. In kuma ka bar tsohon hoto, mai saye ya kira ya tarar babu dabbar, amana ce ta taɓu, ita ce kuwa jarinmu.

Na biyu, a yi rajistar komai da sunanka da lambarka, lambar sirri kuma ta zauna a hannunka. Wanda ya gina maka shafi yana iya tafiya karatu ko ku ɓata, ya tafi da mabuɗin.

Na uku, kyauta ba ta da alkawari. A watan Maris na 2024 Google ta rufe ƙananan shafukan da ta ba 'yan kasuwa kyauta ta tsarin Business Profile. Don haka a ajiye hotuna da lambobin abokan ciniki a wani wuri daban.

Na huɗu, kafin ka ɗauki tsari na biya, ka tabbata katin bankinka yana biyan kuɗi a waje, domin yawancinsu da dalar Amurka ko yuro suke karɓa, ba sefa ko naira ba.

Shawararmu ita ce a fara da na kyauta, a gwada shi a kakar layya guda. In kira ya ƙaru, sai a sayi suna. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.