Tsakanin "Borrow" da "Lend"

Yau kalmomin Turanci biyu za mu duba, masu rikita yaranmu: "borrow" da "lend". Mu a Hausa duk aro ne: na ari tabarya, na ara mata tabarya. Bature kuwa ya raba su. Mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend".

To kin ga, in ɗiyarki ta rubuta "borrow me your pen" a jarrabawar WAEC, ta zubar da maki. Daidai shi ne "lend me your pen".

Don Allah iyaye mata, a riƙa gyara musu tun a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.